Zaren da Ya Ƙi Shan Rini

Ni mutum ne mai zargi, kuma ban taɓa ganin aibin hakan ba sai shekarar da na yi sabuwar rigar daji. Maharbin da ba ya zargin iska da rigar jikinsa, da kibansa zai koma gida. Tun ina saurayi nake hawa duwatsun bayan garinmu, tsakanin Deule da Allakaye, ina bin zabin daji da zomo da kwari da baka. Abin da na gada wurin mahaifina shi ne, rigar daji ba a sayenta a kasuwa. Audugar kwarin Majiya ce, Inna, mahaifiyata, ta kaɗa ta da mazari, a kai wa masaƙi, ni kuma in rina ta da bagaruwa da baƙar laka har ta yi launin dutse. Yadin kanti yana ƙyalli a rana, yana ƙara in ƙaya ta taɓa shi, zabo kuwa ya fi maƙwabciya kunne.

Masaƙinmu wani tsoho ne a Deule, abokin mahaifina, wanda ya saƙa wa gidanmu tun kafin a haife ni. Inna ta ɗaure mini dunƙulen zare cikin tsumma, na kai masa, bayan sati uku na karɓo saƙi aka ɗinka.

Tun a tukunyar rini raina ya fara ɓaci. Na tsoma rigar sau uku, amma da ta bushe sai ga fararen layuka sun ƙi shan bagaruwa. Na ce ko lakar ce. Na canza laka, bai canza komai ba. Na sa ta na hau dutse duk da haka. Kwana huɗu ina rarrafe cikin geza, duk garken zabin da na tunkara sai ya tashi tun kibiya ba za ta kai ba. A rana ta biyar na zare zare ɗaya daga gefen rigar na kai shi bakin garwashi. Auduga toka take zama. Wannan kuwa ya nannaɗe, ya yi baƙin ƙwallo mai tauri, yana warin roba.

Ban tsaya tambayar kowa ba. Lissafina ya riga ya cika: tsohon ya ɓoye zaren Inna don ya sayar, ya cusa mini na kanti. Na ma tuna yadda ya kauce wa idona ranar da na karɓi saƙin. Ranar kasuwa na same shi a rumfarsa, mutane cike, na jefa masa rigar kan cinya.

"Baba, mi nai maka? Ina zaren Inna?"

Ya ɗauki rigar, ya juya ta, ya ninke. "Tahi gida, ɗana," ya ce. "Wagga magana ba ta kasuwa ba ta."

Sanyin maganarsa ya ƙara tunzura ni. Na zaro zare daga rigar na ƙona shi gaban jama'a, na kira shi macuci, da bakina, tsohon da ya riƙe ni ranar sunana. Kafin sati ya zagayo, wasu gidaje biyu sun je sun karɓe zarensu daga hannunsa, ni kuwa har daɗi na ji.

Zargi bai bar ni na huta ba. Na so in kai ƙara wurin mai gari, sai na ce bari in tafi da shaida. Na san dunƙule ɗaya ya rage cikin ƙwaryar Inna. Da hantsi, tana gidan suna, na shiga ɗakinta na ɗauko shi, na zauna ina warwarewa don in yanki abin nunawa. Kamu goma na farko zarenta ne, mai kauri nan, siriri can. Daga nan sai ga ƙulli, bayan ƙullin kuma zaren kanti ne sumul har ciki, an murza shi da toka don ya dushe.

Ina zaune da shi a hannu ta shigo. Ta dube ni, ta dubi zaren, ta nemi bakin gado ta zauna. A ranar na kalli hannuwanta da kyau. Yatsun sun kumbura sun karkace, babban ba ya haɗuwa da manuni. Kullum tuwonta nake ci, amma ban gani ba, ni mai ganin sawun zomo a kan fako.

"Shekara biyu ke nan mazari ya ƙi ni," ta ce. "In nic ce ban iyawa, mi ya rage da nika yi maka?"

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa kaina. Washegari na tafi Deule da ƙafa. Na tarar da tsohon zaune gaban masaƙarsa, babu zare a kanta. Na durƙusa na ce ranar kasuwa zan tsaya inda na tsaya, in faɗa wa jama'a gaskiya.

"Ka hwaɗa musu mi? Uwarka ta yi algus?" Ya girgiza kai. "Tun dunƙulen hwarko nis sani. Da ina son a ji, da na hwaɗi rannan. Kak ka kuskura."

Na bi maganarsa, kuma har yau ban san ko daidai na yi ba. Inna ta rasu mutane suna yabon zarenta. Shi ma ya rasu bayanta da damina biyu, kuma har yanzu in an ambace shi a Deule, akan sami mai cewa, ai shi ne wanda maharbin nan ya kama. Ina ji, ina yin shiru.