Goyon da na sauke wa yayata

Shekarun baya, ina koyarwa a wata firamare a Anka, wasu 'yan rawa suka zo daga Legas, mata uku da maza biyu. Rawarsu babu ganga babu waƙa. Mutum zai miƙe, ya lanƙwashe, ya zube ƙasa, a ce wai ya ba da labari. Ranar da na fara gani sai da na toshe baki da mayafi, don ni dai masu ciwon ciki na gani. Suka ce rawa za su shirya a kan gubar dalmar da ta kashe mana yara, suna neman tafinta. Ni kuwa ga ɗan Turanci ga son a sani, na ce ga ni.

Shugabarsu wata doguwar mace ce, ba ta cika tambaya ba, kallo take yi. Da ta ce tana son ta zauna da uwar da ta rasa ɗa, ban yi shawara da kowa ba na kai ta Bagega wurin yayata.

Yayata ta rasa ɗanta na fari tun bai kai yaye ba. A tsakar gidansu ake daka dutsen zinariya, shi kuma yana rarrafe cikin ƙurar. Kun dai san ɗan fari a wurinmu, uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Da ya rasu ma kunyar ba ta sake ta ba. Ba wanda ya ga hawayenta, har yabon haƙurinta ake yi. Amma akwai abin da duk muka sani muka yi shiru. In tana tsaye sai ta riƙa ɗan jijjiga jiki, hannunta na hagu ya koma baya yana bubbuga inda goyo ke zama. Shekara uku tana haka ba ta sani ba, kuma Inna ta hana kowa ya gaya mata.

Ban ce wa baƙuwar komai ba. Wuni ɗaya ya ishe ta gani.

Bayan mako biyu suka tara mata a wani gida a Anka, su nuna abin da suka shirya. Ni na matsa wa yayata ta zo. Can shugabar ta fito ita kaɗai, ta tsaya, ta fara jijjiga, hannunta ya koma baya. Wasu mata suka fara share hawaye. Ni har daɗi nake ji, wai da ni aka yi abin kirki. Na waiga don in ga ko yayata za ta samu ta yi kukan nan. Sai na tarar tana tsaye jikin bango, hannunta a baya, tana kallon matar. Ta janye hannun a hankali, ta riƙe shi da ɗayan.

Sai da muka koma gida ta tambaye ni.

Ta ce, "Haka nika yi?"

Na ce, "Awo, Yaya."

"Kowa ya sani?"

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Da ban sani ba, yana nan bayana. Yanzu kin sauke min shi."

Inna da ta ji, abin da ta ce kawai shi ne, "Mu da ba mu yi boko ba mun san abin da munka ƙyale."

Ban taɓa ganin laifin 'yan rawar nan ba. Gaskiya suka nuna, kuma na yarda jiki yana faɗin abin da baki ya kasa. Laifina ne da ban tambayi mai jikin ko tana so a ji ba. 

Yayata ta ƙara haihuwa uku, Allah ya raya su. Duk ta goya su a gabana. In goyon ya yi kuka ina wurin, ba ta jijjiga shi, kwance shi take yi ta miƙa wa Inna.