Bangon Ɗakin Baba Ezekiel

Baba Ezekiel mai rubutun allunan shaguna ne a Sabon Garin Gusau. Da ƙuruciyarsa zanen atamfa yake fitarwa a wata masaƙa, inda ya shaƙu da wani injiniya ɗan Sri Lanka, mai bin addinin Buddha. Idan an tashi cin abinci, mutumin yakan nuna masa hotunan tsofaffin wuraren ibadarsu na cikin kogon dutse, bango da rufi duk zanen Buddha.

"Me ya sa kunnuwansa suka yi tsawo haka?" in ji Ezekiel wata rana.

"Ɗan sarki ne," in ji injiniya. "Nauyin zinariya ya ja su, ya cire ta ya bar gida. Tafin hannun da ya ɗaga kuma, cewa yake kada ka ji tsoro."

Masaƙa ta rufe, injiniya ya koma ƙasarsu, ya bar masa hoto ɗaya.

Lokacin da matarsa Naomi ta rasu, 'ya'ya sun riga sun watse Jos da Abuja. Gida ya yi masa faɗi. Ya so ya nemi kogo a duwatsun Kwatarkwashi ya gwada hannunsa, amma hanya ba lafiya. Sai ya roƙi wani direba ya kawo masa jar ƙasa daga Bungudu, ya kwaɓa da ƙaro da baƙin tukunya, ya kama bangon ɗakinsa.

Ya zana mutumin cikin hoton zaune a kan furen bado, idanu rabi a rufe. Faston cocinsu ya leƙo, ya kalla, ya tafi. Shi kuwa Ezekiel ba bauta yake yi ba. Gaban fuskar nan kaɗai yake iya zama da kwanon tuwo ya haɗiye loma. Wani lokaci har labarin kasuwa yake ba ta.

Da ƙafa ta fara ƙi, 'yarsa Blessing ta zo ɗaukarsa. Tajuddeen, wanda zai shiga gidan, ya tsaya a ƙofa yana sosa ƙeya.

"Baba, ka yi haƙuri, a ɗakin nan zan riƙa salla."

"Na sani, ɗana. Kawo farar ƙasa, ni zan shafe."

Daga ƙasa ya fara, ya bar fuskar sai ƙarshe. Ya shiga mota da sauran fari a gwiwar hannu.

Yanzu yana Jos, a benen 'yarsa. Kowa kan fita aiki da safe, shi kuma ya ja kujera bakin taga.