Layi Goma Sha Biyu da Shafin Manoman Auduga

Har yau a Funtuwa akwai masu cewa na yi wa shafin ƙungiyar manoman auduga kutse. Ban yi ba. Da na iya kutse da ba a shagon intanet na bayan tasha za a same ni ba, ina shan zafin janareto daga safe har la'asar.

Ga abin da ya faru. Shekara biyu da gama sakandarena nake aiki a shagon. A shekarar ƙungiyar ta ce duk mai son iri da taki sai ya yi rajista a shafinta kafin ruwa ya sauka. Manoma suka riƙa zuwa daga Dandume da ƙauyukan Malumfashi, su jeru a benci, ni kuma ina shigar da sunayensu. Mutum biyar, shida, sai shafin ya tsaya cik. Kullum haka. Wani tsoho daga wajen Kafur sau uku yana zuwa yana komawa. A na ukun ya ce, "'Yar nan, ko dai hannunki ne ba shi da albarka?"

Wanda ya haɗa shafin ɗan ƙanin shugaban ƙungiyar ne, kowa Injiniya yake ce masa. Ya faɗa wa maigidana, Alhaji mai shagon, cewa sabarsa lafiya lau take, yarinyar da ke buga sunayen ce ba ta iya ba. Saba ita ce kwamfutar da ke riƙe da shafin a can inda take. Alhaji ya fara cigiyar wanda zai hau kujerata.

Akwai wani tsohon littafin kwamfuta a shagon, da shi muke tokare ƙofa. A ciki na ga cewa idan ka aika wa saba gajeriyar tambaya, tana amsawa da sunan manhajar da take aiki da ita. Na zauna na rubuta umarnin, layi goma sha biyu. Kwana uku ya ci mini, don da na fara sai a ɗauke wuta ko wani ya miƙo takarda. Da ya yi aiki, layi ɗaya sabar ta dawo da shi. Na duba sunan a littafin. Ashe ƙaramar manhajar gwaji ce, irin wadda mai koyo ke ɗorawa a kwamfutarsa ta gida. Ba a yi ta don taron mutane ba.

A nan na yi wautata. Shugaban ƙungiyar ya shigo da Injiniya, benci cike da manoma, na zaro takardar amsar sabar daga firinta na karanta da ƙarfi.

Injiniya ya ce, "Wa ya ba ki izinin shiga sabata?"

Na ce, "Ban shiga ba. A bakin zaure na tsaya na yi sallama, ita ta faɗi sunanta."

Wani ya yi dariya a benci. Shugaban ya gyara hularsa ya fita. Kafin magariba labari ya kai gidanmu cewa na fasa shafin.

Washegari Alhaji ya kira ni. Ya ce, "Na yarda takardarki gaskiya ce. To amma waye ya ce miki ana kwance wa mutum zane a gaban baffansa? Da ni kika kawo wa, da na aika a faɗa masa a gefe, ya gyara, kowa ya ce shi ya gano."

"Alhaji, sati biyu yana ɗora mini laifi a gabanka."

"Shi ɗan manya ne, ke ma'aikaciyata ce. Ki je ki ba da haƙuri, ko ki ajiye mini makulli."

Na gaji ƙwarai, har musun ma na kasa. Na yanke zan je ranar Juma'a tare da gwaggona, in durƙusa, in ba su haƙurin faɗa a bainar jama'a, wannan kaɗai. Kutse kuwa ba zan amsa shi ba. Daga nan in kwafi shafi huɗun littafin da suka nuna yadda ake girka manhajar gaske, in sa a ambulan, in ba Alhaji ya aika wa Injiniya ta hanyar da suka fi so.