Yadda Na Ajiye Maganin Hana Amai

A lokacin na gama sakandare ina jiran sakamako, ina taya mahaifiyata turara shinkafa a ƙauyenmu da ke tsakanin Kura da Bunkure. Wata safiya ina baza shinkafa a kan tabarma sai na ga jini yana ɗiga daga hancina, ga wasu baƙaƙen tabo a hannuna alhali ban bugu da komai ba. Bayan yawon asibitoci, a birni aka ce mana sankarar jini ce.

Aka fara sa mini maganin ta ƙarin ruwa. Kafin a sa sai a yi mini allurar hana amai, in za mu koma gida kuma a ba ni ƙwayoyi, a ce in sha a kan lokaci tun zuciyata ba ta fara tashi ba. Karon farko na sha, abin ya zo da sauƙi. A karo na biyu ne kakata ta zo jinya. Ita ta raine ni, ban iya yi mata musu ba. Da ta ji aikin ƙwayoyin sai ta riƙe baki, ta ce tun tasowarta mai ciwon shawara jiƙo ake ba shi ya amayar ya warke. Wai likitoci sun taso da cutar, mu kuma muna rufe mata ƙofa. Wallahi maganar ta shige ni. Na daina sha.

Abin da ya biyo baya, har yau ban manta da shi ba. Ko ruwa na kurɓa sai ya dawo. Kaka tana riƙe da kwano tana shafa bayana, tana cewa in daure, ga ta nan tana fita. Ni ma har leƙa kwanon nake ina neman cutar. Harshena ya bushe, fitsari ya ɗauke, na miƙe na yanke jiki na faɗi. A motar tumatir aka kai ni birni, ina jin salatin babana kamar daga nesa.

Likitar da ta duba ni ta ce ruwan jikina ya ƙare har ƙodata ta taɓu, in ba ta farfaɗo ba dole a dakatar da maganin sankarar. Ta ce cutar a jini da ɓargo take. Aman nan maganin ne ke jawo shi, kuma ba abin da yake fitarwa sai ƙarfina. Na kwanta ina kallon ledar ruwa tana ɗiga, ina tunanin ko tawa ta ƙare.

Shi ya sa na rubuto. Don Allah mai irin wannan jinya kada ya ajiye maganin hana amai, ko wa ya ce. In bai yi aiki ba, ko ba ya zama a ciki, a koma wurin likita a canza, akwai wasu.

Ina kwance a asibitin nan, wata rana bayan azahar likitar ta shigo ta ce ƙodar ta dawo daidai, za a ci gaba da magani. Na fashe da kuka. Kaka, wadda ta biyo mu asibitin, ta matso a hankali, ta tambaye ta ƙarfe nawa ake ba ni ƙwayar.