Ranar da Muka Shafe Tsagar Bangonmu

A shekarun da na yi a biron kula da gine-gine na Madarunfa, mu biyar ne rak: shugaban biro, ni da abokina masu fita duba gini, Hajiya sakatariya, sai Baba mai gadi. Aikinmu mu ce wa mutum gininka ya yi, ko bai yi ba. Daga Safo har Ɗan Issa magina sun san ni, kuma ba da alheri suke tuna ni ba.

Abin kunyar, da wuya ka sami ginin da ya kai namu lalacewa a garin. Wata tsaga ta taso daga kan taga ta haura har rufin siminti, daidai saman teburin Hajiya. Ɗakin ƙarami ne, ba ta da wurin matsawa. Kullum da safe sai ta kakkaɓe ɓarɓashi daga kan takardu kafin ta zauna. Ba mai yawan magana ba ce, amma na sha ganin ta ɗaga kai in babbar mota ta wuce. Ni na san abin da irin wannan tsaga ke nufi, kuma wallahi ina ji mata tsoro. Ruwa ɗaya mai ƙarfi ya isa ya sauko da rufin a kanta.

Da aka zaɓe ni wakilin sandika, wato ƙungiyar ma'aikata, ba don na fi kowa hankali ba ne, baki na fi su. Na yi ta aika takarda Maraɗi har na gaji da kaina. Ana saura kaɗan damina ta faɗi, sai ga amsa: babban darakta zai zo da kansa ya zauna da mu, ya ji kukanmu. Na ce madalla, gani ya kori ji.

Ana gobe zai zo, aiki ya kai ni garin Sarkin Yamma, na wuni can. Washegari na shigo biro da sassafe, na ɗaga kai, sai na nemi tsaga na rasa. Bango sumul, fari fat, har yana ƙanshin farar ƙasa. Na ce, "Innalillahi! Wa ya yi mana wannan aika-aika?"

Ashe dukansu ne. Shugaba ya ce, "Haba malam, babban mutum zai zo, a bar shi ya tarar da mu haka?" Baba mai gadi ya ce, "Ɗana, baƙonka annabinka. Ko gidanka ne ai ka yi shara." Abokina kuwa, wanda da shi muke kama magina suna ɓoye tsaga da shafe, shi ya yi shafen da hannunsa, kuma ya yi kyau, ja'irin! Ita kanta Hajiya dambu ta dafo da zogale. Na ce, "Ku dai Allah Ya shirye ku. An taɓa ɓoyon cibi ranar wanka?"

Darakta ya iso da hantsi, dattijo mai fara'a. Don girmamawa aka ba shi teburin Hajiya, shi ne mai kyau a biron. Aka gaisa, aka tambayi iyali da hanya, aka ajiye masa dambu a gefe. Na karanta buƙatunmu. Maganar man babur ya ce za a duba. Maganar hular kwano ya ce wannan mai sauƙi ce. Da na zo kan tsaga, ya waiga dama, ya waiga hagu.

"Ina take?"

Kowa ya sunkuyar da kai. Shugaba ya kama gyaran hula.

Darakta ya yi dariya ya ce, "Ku 'yan sandika akwai ku da ƙarin gishiri. Ai bironku ya fi nawa kyau." Ya ɗora alƙalami kan layin zai soke.

Nan raina ya ɓaci. In ya soke, sai wata shekarar, Hajiya kuma a nan za ta yi damina. Na miƙe na ce, "Ranka shi daɗe, a yi mini izini in duba ginin nan yadda nake duba na kowa." Ya ce bismilla. Na ciro ƙaramar gudumar aiki daga jaka, na taka kujera. Shugaba yana ta ƙifta mini ido, na yi kamar ban gani ba. Na ƙwanƙwasa sau ɗaya, bango ya yi kukan fasasshiyar ƙwarya. Na ƙara. Sai shafen jiya ya ɓantaro, ya biyo da wani tsohon gutsuren rufi kamar faifai, tim, cikin kwanon dambu. Tsaga ta fito, har ana hango ƙarfen ciki ya yi tsatsa.

Ban taɓa ganin dattijo ya tashi da sauri haka ba. Ya tsaya bakin ƙofa yana kakkaɓe babbar riga, ya daɗe yana kallon rufin, sannan ya ce, "Ku kwaso kujeru, mu ƙarasa a waje."

A gindin bedi muka ƙarasa. Na faɗa masa gaskiya cewa mu muka shafe, don kunyarsa. Ya girgiza kai, ya rubuta cewa kada kowa ya sake zama ɗakin sai an gyara, ya sa hannu, na sa. Ya juya wurin Hajiya ya ce, "Hajiya, ke ba ki ce komai ba."

Ta gyara mayafi, ta ce a hankali, "Ranka shi daɗe, me zan ce? Wurin da ka kasa ƙarasa taro ɗaya, shekara uku ke nan ina zaune."