Ɗaki na Uku a Gidan Malam Sani

Cikin duk shekarun da na yi ina gini, ranar da muka cire ƙofa daga gidan Malam Sani ita ce ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan daga baya, bari in ba ku labarin.

Shekarar da ta biyo bayan babban farin nan ce. Ni ne shugaban magina, Maso Isufu ake ce mini, maso wato magini, a wani shantiye, wurin aikin gine-gine, da aka buɗe a gefen garin Magariya, don mutanen da yunwa ta koro daga ƙauyuka suka kafa bukkoki. Shef ɗinmu, wato mai kula da aikin duka, Mushe Abdu ne (mushe wato malam a bakin Faransa), saurayi da ya yi karatun gini a Yamai, shi ya zana gidajen. Filin kowane gida ƙarami ne, don haka ya tsara ɗaki iri ɗaya, taku huɗu da taku uku, na tubalin ƙasa, a rufe shi da bakan tubali, ba azara ba kwano, tunda giginya ta yi wuya. Kowane ɗaki an gina shi yadda za a jingina masa wani in iyali sun ƙaru. Ƙofofi da tagogi duk awo ɗaya ne, ana iya cire su a kai wani wuri.

Ƙa'idar kuwa ita ce, ana ba mutum ɗakuna gwargwadon yawan iyalinsa. Maigida ya buga tubalinsa, mu mu gina, biro, wato ofishin aikin, ya ba da ƙofa da taga.

Malam Sani daga wajen Guci ya zo, bayan dabbobinsa sun ƙare. Su shida aka rubuta: shi, matarsa Ramatu, mahaifiyarsa, 'yarsu Haɓsu da 'yan maza biyu. Aka ce ɗaki uku. Ban taɓa ganin mai buga tubali irinsa ba. Ba ya yawan magana, amma in ya jera tubalinsa a rana, ba ka samun ɗaya mai tsagewa.

Muna kan ɗaki na biyu tsohuwar ta rasu, dama jikinta bai dawo ba tun tafiyar da suka sha. Muka yi masa gaisuwa, muka ci gaba. Mun kai bangon ɗaki na uku tsayin kafaɗa, mun kafa ƙofa, sai ƙyanda ta shiga bukkokin. Cikin mako ɗaya ta ɗauke 'yan mazan duka biyu.

Bayan sadakar bakwai Mushe Abdu ya kira ni biro. Takarda na gabansa amma bai dube ta ba. Ya ce, "Maso Isufu, gidan Sani yanzu mutum uku ne. Ɗaki biyu ya ishe su. Akwai wani mai mutum tara har yanzu a bukka, ga damina ta matso, kuma ƙofofi sun ƙare."

Na ce, "Shef, ko mako biyu ba a yi ba."

Ya ce, "Na sani. In kana da wata hanya, faɗa mini."

Ba ni da ita. Kwana uku ina wucewa ta ƙofar gidan Malam Sani, in gaishe shi, in kasa buɗe baki. A rana ta huɗu da hantsi shi ya same ni wajen kwaɓa. Ya ce, "Maso, na ga kana ta zagaya ni. Ƙofar ce ko?"

Na ce ita ce.

Ya ce, "Zo mu cire."

Shi da kansa ya riƙe ta ina sassauta ƙasar da ke gefe. Da ta fita ya ɗora a ka, ya kai ta gidan mai mutum taran, ya jingina ta da bango, ya yi musu fatan alheri, ya juyo.

Da muka koma muka tarar da Ramatu tsaye a tsakiyar ɗaki na ukun. Ashe tun kafin ciwon ta riga ta yi masa daɓe, ta goge shi sumul. Ba ta taɓa yi mini magana ba sai ran nan. Ta ce, "Baba maso, tubalin ma za ku kwashe?"

A ƙa'ida haka ne, ana kwashe tubalin ɗakin da aka fasa a kai gaba. 

Ta ce, "'Yan mazan nan su suka yi ta jigilar ruwan da aka kwaɓa shi."

Na koma wurin Mushe Abdu na ce masa a bar bangon, kuma in ba a rufe shi ba ruwan farko zai narkar da shi a kan idonta. Ya ce, "A takarda ɗakin nan babu shi. Amma ranar Lahadi ba ni da iko da ku."

Mu huɗu muka fito Lahadi biyu a jere, muka ɗaga bangon, muka rufe bakan. Malam Sani yana miƙo tubali. Ƙofa dai babu, asabari Ramatu ta rataya. Haɓsu ta gaya wa matata cewa kullum uwar tana share ɗakin, amma ba wanda yake kwana ciki, ko tukunya ba ta yarda a ajiye ba.

Damina ta yi kyau, ɗakin bai yi yoyo ba. Bayan girbi Malam Sani ya zo yi mini sallama, ya ce za su koma Guci, Ramatu ba ta iya zaman gidan. Ya ce in yafe masa wahalar da muka sha a banza. Na ce ba a banza ba ne. Ban sake ganinsu ba.

Zanen Mushe Abdu mai kyau ne, wasu gidajen har yau suna tsaye, an yi ta ƙara musu ɗakuna. Sai dai duk lissafinmu na ƙaruwa ne, ba wanda ya tanadi abin da za a yi in gida ya ragu. Tun daga lokacin, in takarda ta ce in cire wani abu a gidan mutum, sai na fara shiga na zauna, na tambayi matar gidan wa aka gina wa wurin.