Kunkunniya a Huhun Ragon Suna

Ko da zan manta da komai na shekarun farin nan, ba zan manta da ranar sunan 'yata ta fari ba, ranar da saura ƙiris mu binne rago sukutum da hannunmu saboda tsoro.

A lokacin damina biyu a jere ta yi mana gardama. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Dabbobin ƙauyenmu, can gefen Kunci, wanda bai mutu ba an sayar, wanda ba a sayar ba ɓarayi sun kwance. Cikin wannan hali Inna, mahaifiyata, ta samo wani ɗan rago ramamme tun matata na da ƙaramin ciki. Ba ta taɓa cewa don sunan jikarta take kiwonsa ba, domin ni ɗan fari ne, ko sunana ba ta faɗa. Amma dusa tasa ce, ruwan wankin hatsi nasa ne. Saboda ɓarayi ta kafa masa turke a cikin madafa, ɗakin da ko taga babu, inda take girki da kara da busasshen kashin shanu. Mukan tsokane ta cewa ragon yana riga mu sanin abin da za a ci a gidan.

Ranar suna da hantsi aka yanka shi, liman ya raɗa suna, mahauci ya feɗe. Yana fito da kayan ciki sai na ga ya ajiye wuƙa. Huhun ya yi dabbare-dabbare da baƙi, kamar an barbaɗa masa garin gawayi. Wani dattijo ya leƙa, ya ce ai ciwon saifa ne, irin wanda ya kashe mutane a wani ƙauye bayan sun ci naman saniya. Nan take kowa ya ja da baya. Mutanen da suka yi watanni ba su ga nama ba, su da kansu suka aika a kawo dagi a haƙa rami.

Gaskiya raina ya ɓaci ƙwarai. Ba ni da wani rago, ba ni da hanyar samun wani. Na shiga cikin gida na tarar Inna ta riga ta ɗora tukunya tana jiran nama, na kasa faɗa mata, na juyo.

Allah ya sa cikin baƙinmu akwai kawun matata, malamin dabbobi ne, mutum mai sanyin magana. Ya ce a dakata da haƙa. Ya duba saifa, ba ta kumbura ba. Jini ya daskare yadda ya kamata, hanta kuma lafiya lau. Ya tsaga huhun, babu ƙulli, babu mugunya. Sai ya yanka wata 'yar kaluluwa da ke jikin huhun, cikinta baƙi wuluk. Ya ɗago ya tambaye ni inda ake ɗaure ragon. Na kai shi madafa, jama'a na biye da mu. Ya miƙa hannu ya shafo rufin ɗakin, ya nuna mana yatsansa.

Ya ce, "Ga ciwon ragonku nan. Kunkunniya ce, hayaƙin da ya shaƙa ne ya zauna masa a huhu. A yar da huhun, a dafa sauran, ni zan fara ci."

Wurin ya kaure da dariya. Dattijon nan ya ce shi dama bai ce tabbas ba, kuma da aka sauke tukunya ban ga wanda ya fi shi loma ba.

Da la'asar malamin ya shiga yi wa Inna sallama. Ya durƙusa ya gaishe ta, sannan ya ce, "Inna, ragon nan wata takwas kawai ya yi a ɗakin can. Ke fa, shekara nawa?"

Inna ta yi dariya ta ce ita da hayaƙi sun saba. Dariyar ta ƙare da tari, tarin nan da muka saba ji kullum har muka daina jinsa. Ni ban yi dariya ba. Huhun da na gani da safe ne ya dawo mini a ido.

Washegari na fasa bangon madafa na fitar da taga biyu, na kuma kafa mata rumfa a tsakar gida don girkin rani. Ta yi mita har ta gaji, wai iska na cinye mata kara. Tarin bai rabu da ita gaba ɗaya ba, amma ya yi sauƙi sosai. Allah ya ja kwananta har ta yi kiwon ragon sunan ɗan 'yar tawa ta fari, a gindin darbejiya wannan karon.

Tun daga ranar na daina yanke hukunci a kan abin da ya ba ni tsoro kafin in tambayi wanda ya sani. Na kuma gane cewa abin da muka saba da shi a gida ya fi baƙon abu haɗari, domin shi ba ma ko kallonsa. Shekara da shekaru ina jin tarin Inna, amma sai da aka feɗe rago a gabana na ji shi da gaske.